Kibiyar da Na Gyara da Hannuna

Shekara goma sha huɗu na yi ina zana akwatuna da kibiyoyi a wani kamfanin rarraba magunguna, har sunana ya ɓace a bakin ma'aikata, kowa Mai Kibiya yake ce mini. A takardar ɗaukar aiki an rubuta mai nazarin tsarin bayanai. Surukata, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya tana zaton gyaran kwamfuta nake yi, shi ya sa takan aiko mini da rediyonta in ta lalace. Aikin dai shi ne in je in zauna kusa da ma'aikaci, in ga ta inda takarda take shigowa hannunsa da inda take nufa in ta bar shi, sannan in zana shi a akwati, in ja kibiya daga shi zuwa na gaba. Da wannan zane masu rubuta manhaja suke sanin abin da za su gina wa kamfani. In kibiya ɗaya ta karkace, maganin hawan jini sai ya tafi asibitin yara, na yara kuma ya kwana a sito har ya lalace.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka jahili aka sallama.

Ranar wata Litinin Manaja ya tara mu a ɗakin taro na bene, mai dogon tebur da kujeru sha biyu, uku daga ciki guragu. Manajan nan har yau sakatariya ce take buga masa saƙon imel a takarda, ya karanta, ya rubuta amsa da jan biro, ta koma ta shigar. Shi ne ya miƙe yana gaya mana wai zamani ya canza, dole kamfani ya bi zamani. Kusa da shi wani matashi ne zaune yana shan ƙamshi, kwat ta matse shi, takalmi ba safa, turarensa ya riga shi shiga ɗakin. Manaja ya ce ƙwararre ne aka ɗauko daga wani kamfanin ba da shawara. Tun daga ranar sunan ya bi shi, Ƙwararre, ko da yake ba da irin muryar Manaja muke faɗa ba.

"Zai zana mana yadda aiki yake tafiya a gidan nan," in ji Manaja. "Ranar Alhamis mu duba zanen tare. Duk akwatin da kibiya ba ta shiga, ba ta fita, to ba ma bukatarsa. Ai haka ƙa'idar take, ko Mai Kibiya?"

Na ce haka take, ranka ya daɗe. Ina zan ce a'a, alhali ni na kawo ƙa'idar gidan?

Daga nan Ƙwararre ya kunna majigi ya shiga yi mana lacca kan kasuwar aiki, mu da ba mu tambaye shi ba.

"Musamman ku masu nazarin tsari," ya ce yana kallona, tunda ni kaɗai ne a kamfanin, "albishirinku. Kasuwa nemanku take ruwa a jallo. Bankuna, asibitoci, kamfanonin sufuri, kowa kuka yake da rashinku. Dubi layin nan."

Wani jan layi ne ya taso daga ƙasan allo ya nufi sama, ba lanƙwasa ko ɗaya. Na yi masa kallon hadarin kaji, shi da layin. Duk wanda ya daɗe a ofis ya san in aka fara yaba maka kasuwar waje, ƙofa ake nuna maka. Kuma kasuwar ai ba baƙuwata ba ce, ina leƙa ta a waya kullum a motar haya. Suna neman wanda ya shekara goma yana aiki da manhajar da shekararta uku da fitowa, sannan kada ya haura talatin. Mu bakwai muka gama karatun nan tare. Ɗaya yana koya wa 'yan firamare yadda ake kunna kwamfuta, ɗaya ya buɗe shagon buga takardu, biyu sun bar ƙasa ba labari, sauran kuwa in mun haɗu maganar ciwon baya muke yi. Ni shekarata arba'in da bakwai, da 'ya'ya huɗu, da hawan jinin da nake shan maganinsa daga kayan kamfanin.

A nan dole in kawo zancen Gwaggo. Ba gwaggona ba ce. Ita ce mai kula da sito a da, dattijuwa mai tabarau ɗaure da zare, kowa Gwaggo yake ce mata, har Manaja. Shekara takwas da suka wuce, lokacin da za a sa sabuwar manhaja, ni aka tura in zana sito. Kwana uku na yi zaune a kan kwali kusa da teburinta ina cike wani fom da na ƙirƙiro da kaina, mai gurbi huɗu: abin da yake shigowa, abin da ake yi masa, abin da yake fita, da mintin da yake ci. Takardun da take sa wa hannu duk na'ura za ta iya. Ranar ƙarshe na tambaye ta, ban da waɗannan me take yi?

Ta cire tabarau ta goge da mayafi. "Ɗan nan, aikina shi ne in san wanda yake ƙarya. Direba zai ce ya sauke kwali ashirin, ni daga yadda ya ajiye makulli na san sha takwas ya sauke."

Na yi dariya, ban rubuta ba, don babu gurbinsa a fom. A zanen da na kai bene akwatinta ya fito shi kaɗai a gefe, ba kibiya ko ɗaya. Ƙarshen wata aka sallame ta da agogon bango da takardar yabo.

Ta koma zama a shagon maganin ɗanta, wanda yake ɗaukar kaya a wurinmu. Abin da ya fi ci mini rai, ba ta taɓa zagina ba. Sai dai duk bayan sati biyu ko uku wayata ta yi ƙara, in ji muryarta: "Mai Kibiya, na'urarku ta sake ƙarya. Ta ce an kawo mana maganin tari, ga shi ban ga ko kwalba ba." Ni kuma in sauka sito, in zauna cikin masu lodi, in sha shayinsu mai kashe baki, in yi ta jan hira har wani ya yi suɓul da baka. Wani lokaci lamba ce aka shigar ba daidai ba, wani lokaci direba ne ya bi ta wata hanya. In gyara shiru in koma ofis. In gaskiya za a bi, rabin aikina ke nan a shekarun nan, kuma ba a rubuce yake a ko'ina ba.

Talata da hantsi Ƙwararre ya shigo ofishina, ɗan ɗakin da yake ƙarƙashin matakala, inda nake jin duk wanda ya hau bene a tsakar kaina. Ya dubi kujerar baƙi, ya kaɗe ta da hankici, sannan ya zauna a bakinta. Ya ciro takarda daga jaka. Fom ɗina ne. Gurbi huɗun nan, har da ɗan layin da na ja a ƙasa don ƙarin bayani wanda ba wanda ya taɓa cikewa. Launi kawai aka canza, aka manna tambarin kamfaninsu a sama.

"Wannan sabon tsari ne da muke amfani da shi, Baba," ya ce. "Kada ya ruɗa ka, zan bi da kai a hankali."

Baba! Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce Allah ya saka da alheri.

Ya tambayi abin da yake shigo mini, na faɗa. Ya tambayi abin da yake fita, na faɗa. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya, rabin hankalinsa yana kan waya. Da ni ne, da na lura da ƙurar da take kan tiren takardun shiga, na tambayi rabon da a ajiye wani abu a ciki. Da na lura da takalmin mutumin da aka ce ɗan ofis ne amma duk ƙurar sito. Shi ko oho. Can ya ce, "Ban da waɗannan, akwai wani abu da kake yi?"

"Ina sanin wanda yake ƙarya," na ce.

Sai da maganar ta fita na ji ta a kunnena, na tuna bakin da na fara jin ta. Ƙwararre ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa tsoho in ya yi barkwancin da ba daɗi. Biron nasa bai taɓa takarda ba. Minti goma sha ɗaya ya yi, na duba agogo. Ni kwana uku na ba Gwaggo.

Laraba da yamma na je ɗaukar wata takarda a wurin na'urar bugawa, na tarar da zanensa kwance a kai, ya manta. Ina ɗagawa na gane shi, yadda mutum yake gane rigarsa a jikin wani. Tsohon zanena ne na shekara shida baya, wanda yake cikin fayil a ofishin sakatariya. Ya kwafe shi kaf, ya mai da akwatunan masu zagaye, ya zuba musu shuɗi da kore. Ko gurbin da na bari don reshen da aka rufe tuntuni yana nan.

Kuma a tsakiyar zanen ga akwatina, kibiyoyi biyar suna shiga, ɗaya mai kauri tana fita. A wancan zamani haka abin yake: duk sashen da yake son a canza wani abu a manhaja ta wurina yake bi, ni in tace, in miƙa wa kamfanin da yake rubuta mana ita. Amma tun bara an daina. Kowane sashe kai tsaye yake aika buƙatarsa ta wani shafi a kwamfuta. Ni na tsara shafin, har Manaja ya yaba mini a taro, ya manta washegari. Wato dai ragwancin yaron nan ya cece ni. A zanensa, in aka cire ni, kamfani ya tsaya cik.

Da na koma gida na tarar da uwar yara tana guga a falo, kayan makarantar auta a kan kujera. Na ba ta labari tun daga Litinin. Ta ajiye dutsen guga a tsaye, ta dube ni.

"To alhamdu lillahi. Sai ka ja bakinka ka yi shiru."

"Zanen fa ba daidai ba ne."

"Maigida, na ce ka yi shiru. Kai aka ce ka zana? An ce ka zauna ne ka kalla. In ka ji bakinka yana ƙaiƙayi, ka sa goro."

"Ba na cin goro."

"Gobe ka fara. Ni na san ka. Kai ne ranar da likita ya zana maka yadda za ka sha magani ka karɓi biron ka gyara masa. Don girman Allah, gobe ɗaya tak, ka bar abu a karkace. Yaran nan huɗu ba kibiya za su ci ba."

Na yi mata alkawari, kuma har zuciyata na yi.

Alhamis ƙarfe goma ɗakin taro ya cika. Na zaɓi ɗaya daga guragun kujerun can ƙarshen tebur, na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya. Zanen ya fito a farin allo, ya cika bango. Ƙwararre ya riƙa yawo a gabansa da ɗan sanda, yana ta zuba. Shugaban masu lodi ya yi tsuru-tsuru yana neman akwatinsa, da ya gan shi da kibiya sai ya sauke ajiyar zuciya har aka ji. Minti arba'in na yi ban ce uffan ba. Ya kira sito da sunan reshen da aka rufe, na yi shiru. Ya ce direbobi daga ofishin ciniki suke karɓar takarda, abin da rabon da a yi tun kafin ya gama makaranta, na kalli silin.

Sai Manaja ya gyara zama, ya ce, "Kai, madalla! Yau na ga kamfanina da idona. Shekara da shekaru ana kawo mana zane-zane baƙi da fari, mutum ya rasa kai ya rasa gindi. Ka ga aikin ilimi. Mai Kibiya, ka ga yadda ake yi ko? Ka samu lokaci ka zauna da shi ka ƙaru."

Ƙwararre ya ɗan sunkuyar da kai wai shi mai kunya. "Ba laifinsu ba ne, ranka ya daɗe. Tsoffin hanyoyi ne. Wannan kuwa kowace kibiya sai da na bi ta da ƙafata na tabbatar."

Da ƙafarsa! Ƙafar da ko safa babu, wadda ba ta taɓa taka sito ba!

Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ƙarar kujerar na ji ta faɗi a bayana. Na isa gaban allo, na ɗauki jan alƙalamin da yake kan tire.

"Ranka ya daɗe, wannan zanena ne na shekara shida baya, fenti kawai aka shafa masa. Reshen nan an rufe shi." Na soke shi. "Direbobi ba nan suke zuwa ba, nan suke zuwa." Na ja sabuwar kibiya. Wani daɗi ma nake ji, irin na wanda ya cire ƙaya. "Wannan kuma ƙarya ce tsagwaronta. Tun bara ba sashen da yake bi ta nan. Ciniki kai tsaye yake aikawa. Sito kai tsaye. Sufuri kai tsaye."

Ɗaya bayan ɗaya na soke kibiyoyin nan biyar, na ja su ta sama, sumul, kowace ta sauka inda ya kamata. Na soke mai kaurin. Na juyo ina haki, na dubi Ƙwararre don in ga yadda kunya take kama mutum.

Kunyar ta kama shi kam, kunnuwansa har sheƙi suke. Amma ba shi ake kallo ba. Kowa allon yake kallo. Na waiwaya. A tsakiyar zanen, daidai, ba kuskure ko na sisi, ga wani shuɗin akwati shi kaɗai, ba abin da yake shiga, ba abin da yake fita.

Manaja ya cire tabarau ya nuna da shi. "Wancan na tsakiya fa, na wane ne?"

Ƙwararre ne ya fara farfaɗowa, irinsu ba sa daɗewa a ƙasa. Ya buɗe kwamfutarsa ya ce, "Mun gode da wannan gudummawa, Baba. Zan shigar da gyaran."

Bayan azahar Manaja ya kira ni ofishinsa. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, abin da bai taɓa yi ba a shekara sha huɗu. Ya ce shi kansa abin bai yi masa daɗi ba, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, ni ma na sani. Sannan ya turo mini wani littafi mai bangon roba, rahoton Ƙwararre ne kan kasuwar aiki, jan layin nan a bangon gaba.

"Mutum irinka ba zai yi sati a gida ba," ya ce. "Ai ka ji da kunnenka, ruwa a jallo ake nemanku. Wallahi har na so in yi maka hassada."

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Wannan godiyar ita ce abin da har yau in na tuna nake jin tsanar kaina. Agogon bango kuwa an ce sai an sayo, za a aiko.

Na sami kwalin maganin tari babu komai a ciki, na zuba kofina, da darduma, da hoton yara, da rahoton a sama. Masu lodi suka ga fitowata suka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin ɗaurewa. A bakin ƙofa na tsaya, don ban san abin da zan gaya wa uwar yara ba, kuma motar da za ta kai ni gare ta tana tsaye a tsallaken titi tana kiran fasinja. Sai waya ta yi ƙara a aljihu. Na ajiye kwalin a ƙasa.

"Mai Kibiya, na'urarku ta sake ƙarya," in ji Gwaggo. "Ta ce maganin hawan jini kwali shida, huɗu na gani. Ka leƙa wurin dogon direban nan."

"Gwaggo, ba na nan kuma. Yau aka sallame ni."

Ina jin wani a shagon yana tambayar maganin ciwon kai, ta ce ya dakata.

"Innalillahi. Kai ma an zana ka ke nan?"

"An zana ni."

"Wa ya zana ka?"

Na so in ce wani yaro ne mai turare, wanda bai san sito daga masallaci ba. Bakina ya ƙi.

"Ni na zana kaina, Gwaggo."

"To ai shi ke nan, ba wanda za a kai ƙara," ta ce, muryarta ba fushi ba dariya. "Hannunka ba ya kuskure, ɗan nan. Ni ma da ka zana ni, ko layi ɗaya ba ka karkata ba." Ta ɗan numfasa. "Yanzu kwali biyun nan, wa zan gaya wa?"

Na juya na dubi ginin, tun daga sito har tagar ɗakin taro, na bi shi hawa hawa yadda na saba bin zane. Na daɗe ina nema.

"Babu kowa, Gwaggo," na ce.